Yadda Ake Zaɓen Unguwar da Za Ta Dace da Iyali Idan Ƙaura Ta Kama

Takardar canjin wurin aiki ta iso, ko kuma wata lalura ta sa dole a tattara a koma wani yanki mai nisa. Abin da yawancinmu ke fara yi shi ne mu ɗauki waya mu hau kallon hotunan gidaje: ɗaki nawa ne, kicin ɗin yana da faɗi ko babu, akwai farfajiya. A ganina tun daga nan ake fara ɓata lissafi. Gida ana iya gyara shi, a yi masa fenti, a sauya ƙofa, a ƙara famfo. Unguwa kuwa yadda kuka same ta haka za ku zauna da ita. Babu mai iya jawo makaranta kusa da ƙofarsa, babu mai iya kawar da babban titin da ya raba gidansa da filin wasan yara. Don haka unguwa ake fara zaɓa, gida ya biyo baya.

Ku fara da rubuta yadda wuninku yake

Kafin ku buɗe taswira, ku zauna da iyali da takarda da biro, ku rubuta yadda rana ɗaya ta aiki take tafiya a gidanku, tun daga tashin asuba har a kashe fitila. Ranar Talata, alal misali, wadda ba hutu ba kuma ba biki. Wa ke fita, da ƙarfe nawa? Wa ke kai yara makaranta, wa ke ɗauko su? Idan motar gida ɗaya ce kuma ta tafi wurin aiki, wanda ya rage a gida yaya zai yi idan zazzaɓi ya rufe yaro da tsakar rana? Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce aka fi mantawa, domin sau da yawa mai fita aiki ne ke zaɓen unguwa, alhali shi kwana kawai yake yi a cikinta. Wanda ke wuni a gida, ko uwa ce ko uba ko kaka, shi unguwa za ta yi wa daɗi ko ta zame masa kurkuku. A ba shi baki sosai. Yaran da suka yi wayo su ma a tambaye su, za ku sha mamakin abin da ke damunsu.

Daga wannan takarda ku fitar da abubuwa uku ko huɗu waɗanda in babu su ba za ku zauna ba, sauran kuma ku ajiye su a matsayin in an samu to madalla. Kada na dolen su wuce huɗu, in ba haka ba babu unguwar da za ta tsallake. Sannan ku ɗan hango gaba kaɗan. Jaririn da ke goye yau, nan da shekara biyar ɗan makaranta ne, ɗan firamare kuma ya zama saurayi mai son ya je wurin abokansa ba tare da an kai shi ba. Unguwar da komai sai an shiga mota tana da sauƙi ga mai jariri, amma tana gajiyar da iyayen matasa, don su za su koma direbobi.

Lissafin kuɗi, har da na hanya

Akwai wani ma'auni da aka daɗe ana amfani da shi: kada kuɗin gida ya cinye sama da kashi 30 cikin 100 na abin da ke shigo wa iyali. Hukumar gidaje ta gwamnatin Amurka da shi take gane iyalin da nauyin gida ya yi wa yawa, kuma kafin 1981 ma'aunin kashi 25 ne. Sai dai wannan lissafi yana da gurgunta, domin bai sa kuɗin zirga-zirga ba. Gidajen gefen birni sukan fi araha, amma abin da aka rage a haya sai ya zurare a man mota, gyara, kuɗin bas, wani lokaci ma har da sayen mota ta biyu. Shi ya sa wata cibiyar nazarin unguwanni da ke Shikago ta ba da shawarar a haɗa kuɗin gida da na sufuri, kada su wuce kashi 45. Ku yi wa kowace unguwa wannan haɗin, ku ƙara da harajin gida in akwai, inshora, kuɗin wuta da ruwa, da kuɗin renon yara, wanda yakan bambanta sosai daga yanki zuwa yanki.

Lokaci ma kuɗi ne da ba a gani a takarda. Wanda ke tafiyar minti 45 zuwa aiki da minti 45 dawowa, kwana biyar a mako, mako 48 a shekara, ya ƙarar da awa 360 a hanya. Kwana 15 ke nan cur, dare da rana. Kuma daga ina ake yankar waɗannan awannin? Daga safiyar da za a shirya yara cikin natsuwa, da yammacin da za a duba musu aikin gida. Ɗaki ɗaya da aka ƙara ba ya biyan wannan asara.

Yanzu a buɗe taswira

Ku sa alama a wuraren da ba sa motsi: wurin aiki, makarantun da kuke hari, babban asibiti, gidan dangi in kuna da su a can. Kada ku auna nisa da kilomita, ku auna da minti. A Google Maps ana iya saita ranar tashi da lokacinsa, don haka ku sa safiyar ranar aiki da ƙarfe bakwai da rabi, ku sake sa ƙarfe biyar na yamma. Hanyar da ta nuna minti 15 da tsakar dare tana iya ninkawa biyu ko uku idan cunkoso ya haɗu. Idan akwai gada ɗaya ko mahaɗa ɗaya da kowa sai ya bi, ku riƙe wannan a rai, don ranar da aka yi haɗari a kanta duk unguwar ta makara.

Daga nan ku juya zuwa hoton sama. A nan ake ganin abin da dillali ba zai ɗauka a hotonsa ba: layin dogo a bayan katanga, masana'anta, juji, filin jirgin sama, kwarin da ruwa ke bi. Idan akwai hotunan titi na Street View, ku bi layin kamar kuna tafe, amma ku duba shekarar da aka ɗauki hoton, yana iya zama tsoho. Google Earth kuma yana nuna hotunan shekarun baya, sai ku ga ko unguwar cika take yi ko watsewa, ko kuma inda gidajen suke a da fadama ce aka cike.

Wani ma'auni mai amfani shi ne mita 400, wato tafiyar kamar minti biyar ga babba. Tun a 1929 wani masanin tsara birane a Amurka, Clarence Perry, ya zana unguwa da makarantar firamare a tsakiyarta, manyan tituna a gefe, yadda yaro zai isa aji da ƙafa ba tare da ya tsallaka hanyar manyan motoci ba. Shekara kusan ɗari ke nan, amma har yanzu ban ga gwajin da ya fi shi ba. Ku zana da'ira a kewayen gidan da kuke so, ku ƙirga abin da ke ciki: kanti, filin wasa, tashar bas, kantin magani, wurin ibada. Ku tuna kuma cewa minti biyar na babba minti goma ne ko fiye idan ana riƙe da hannun ɗan shekara uku mai tsayawa kallon kowace tururuwa. A ƙarshen wannan aiki ku tsaya a kan unguwanni uku, ko huɗu in ta kama.

Makaranta: a kira, a tambaya

A ƙasashe da dama, irin su Amurka, Faransa da Ingila, adireshin gida yana da hannu wajen tantance makarantar gwamnatin da yaro zai samu. Iyakar tana iya bi ta tsakiyar titi, gidan hannun dama ya faɗa wata makaranta, na hagu ya faɗa wata. Ganin makaranta daga taga bai isa hujjar cewa za ta karɓi ɗanku ba. Ku kira makarantar ko ofishin ilimi na yankin da kanku, ku ba su ainihin adireshin, ku tambaya ko akwai gurbi a ajin da yaronku zai shiga, yaushe ake rufe rajista, da takardun da ake buƙata. Maganar dillali a nan ba abin dogaro ba ce, ko da zuciya ɗaya ya faɗa, domin iyakokin suna sauyawa.

Makin jarrabawa da ake bugawa yana faɗin wani abu, amma sau da yawa ƙarfin aljihun iyaye yake nunawa fiye da ƙwazon malamai. Ku tambayi abin da ba a bugawa: yara nawa ne a aji, malamai suna daɗewa ko kowace shekara sababbi ne, yaya ake karɓar yaron da ya zo a tsakiyar zango, me ake yi idan ana cin zalin baƙo. Idan yaren koyarwa ya bambanta da na gida, ko yaronku yana da buƙata ta musamman, wannan tambaya ce ta farko, kuma amsarta kaɗai tana iya yanke hukuncin unguwa. In kun samu hali, ku tsaya a bakin ƙofar makarantar lokacin tashi. Yadda yara ke fitowa da yadda malamai ke sallamarsu ya fi kowace ƙasida bayani.

Titi, ruwa, iska da hayaniya

A nan nake son mu ɗan daɗe, domin idan aka ce tsaro, hankalin kowa kan ɓarayi yake tafiya, alhali abin da ya fi barazana ga yaro yana wucewa ta ƙofar gida kullum a kan taya huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29, kuma rahotonta na 2023 ya sa adadin masu mutuwa a hanya a kusan mutum miliyan 1.19 a shekara. Gudu shi ne tushen abin. Motar da ke tafiyar kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya, kafin ma direba ya kai ƙafa kan birki, mai tafiyar 30 kuwa mita 8 da 'yan kai. Tsakanin waɗannan biyun akwai ran yaron da ya biyo ƙwallo. Shi ya sa taron ministoci kan kiyaye haɗurra da aka yi a babban birnin Suwidin a 2020 ya nemi a tsayar da gudu a kilomita 30 a wuraren da motoci ke cakuɗuwa da masu tafiya a ƙasa.

To, ku tsaya a bakin titin gidan minti goma ku kalla. Titi mai faɗi, miƙaƙƙe, wanda ya haɗa manyan hanyoyi biyu, direbobi za su mai da shi hanyar yanke komai allon da aka kafa. Akwai gefen masu tafiya da ƙafa, ko yana yankewa a tsakiya? Akwai tudun rage gudu, fitilar tsallakawa, hasken dare? Sannan ku bi hanyar makaranta da ƙafarku, ku riƙa rusunawa daidai tsayin yaro a kowace mahaɗa. Na taɓa yin haka a wata unguwa da ta kwanta mini a rai. Ina tsaye ina ganin titi tas, da na durƙusa sai motocin da aka ajiye a gefe suka rufe komai, ban ga mai tahowa ba sai da ƙarar injinsa ta cika mini kunne. A ranar na cire unguwar daga lissafi.

Sai ruwa. Wanda ya je duba gida a lokacin rani ba zai san halinsa ba sai damina ta sauka. Hukumomi a ƙasashe da yawa suna da taswirar wuraren ambaliya, ku neme ta. Idan an ce wuri yana cikin yankin ambaliyar shekara ɗari, ba ana nufin sau ɗaya take zuwa a ƙarni ba. Ma'anarsa kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100, wanda idan aka tara shi shekara 30 yakan kai kusan kashi 26. Inda babu taswira, bango yana ba da labari. Ku duba ƙasan katanga, akwai wani layi mai duhu da ya bi gidajen layin a tsayi ɗaya? Fenti yana kumbura yana ɓarewa daga ƙasa? An yi sabon fenti iya gwiwa kawai? Maƙwabta sun ɗaga dokin ƙofarsu? Magudanar ruwa a buɗe take ko shara ta toshe ta? Kamfanin inshora ma ya san gaskiya, ku nemi ya faɗa muku abin da zai caja a kan adireshin, tsadarsa kaɗai amsa ce.

Game da iska, wani babban nazari da aka fitar a Amurka a 2010 ya nuna hayaƙin motoci ya fi yin tasiri a cikin mita 300 zuwa 500 daga babbar hanya. Idan akwai mai asma a gida, wannan tazara ta shiga jerin na dole. Hayaniya kuwa barci take sata. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar wa Turai a 2018 ita ce ƙarar motoci da dare ta kasance ƙasa da desibel 45, wato ma'aunin ƙarfin ƙara. Manhajar auna ƙara a waya ba ta kai na'urar ƙwararru ba, amma ta isa a kwatanta unguwa da unguwa.

Ku je da ƙafarku, ba sau ɗaya ba

Gani ya kori ji. Ko da tafiyar tana da nisa da tsada, kuɗinta bai kai na ƙaura ta biyu ba. Ku ga kowace unguwa a lokuta uku: safiyar ranar aiki, bayan faɗuwar rana, da ranar hutu. Layin da ya yi tsit da hantsi yana iya zama wurin ajiye manyan motoci da dare, ko kuma akwai gidan casu a kusa da ba ya farkawa sai goma ta wuce. Ku gwada zuwa wurin aiki daga can a ainihin lokacin da za ku riƙa fita, ta hanyar da za ku riƙa bi.

Alamar da na fi yarda da ita ita ce yara a waje. Keke a jingine a bakin ƙofa, zanen alli a ƙasa, tsofaffi zaune suna shan iska, mata suna tafiya su kaɗai da yamma hankali kwance. Inda mutane ke waje, akwai idanu a kan titi, kuma yaron da ya faɗi zai samu mai ɗaga shi. Unguwa mai dogayen katangu wadda ba kowa a layi tana iya yin kyau a hoto, amma ɗanku zai iya shekara bai yi aboki ba. Alƙaluman laifuka, inda 'yan sanda ke fitar da su, ku duba, sai dai ku lura da irin laifin da kuma yawan mutanen wurin. Unguwar da ke da kasuwa ko tasha dole adadinta ya yi sama, ko da layukan gidajen lafiya lau suke.

Matambayi ba ya ɓata, amma tambaya ma sai an iya ta. Idan kuka ce wa mutum unguwar nan tana da kyau, zai ce tana da kyau. Ku ce masa: me ya fi damunku a nan? Da za ku sake zaɓa, wane layi za ku zauna? Idan aka yi ruwa mai ƙarfi, ina ne ke cika? Mai kanti, mai gadi, direban bas, uwar da ke jiran ɗanta a filin wasa, su ne masu ɗaki da suka san inda yake yoyo. Zaurukan mazauna unguwa a Facebook ko WhatsApp su ma suna da amfani, in dai an tuna cewa mai ƙorafi ya fi mai godiya yawan rubutu. Abin da mutum uku da ba su san juna ba suka maimaita, shi za ku ɗauka.

Tun kuna can ku gama da ƙananan abubuwa. Ku buɗe famfo ku ga ƙarfin ruwa, ku duba sabis ɗin waya a cikin ɗaki, ku tambayi ko intanet mai ƙarfi ya iso layin, yaya wuta take, ranar da ake kwashe shara. Ku auna minti nawa ne zuwa asibitin da ke karɓar yara cikin dare, domin ƙaramin asibitin unguwa yakan rufe da yamma.

Filin da babu kowa a kai

Idan akwai fili a kusa da gidan, kada ku ɗauka haka zai dawwama. Ku je ofishin tsara gari ko shafinsa ku tambayi abin da aka amince a gina a wurin, da ko akwai shirin faɗaɗa titi. A sababbin unguwanni kuma ku yi hattara da alkawari. Makarantar da za a gina da tashar da ke tafe suna iya ɗaukar shekarun da yaranku za su gama girma. Ku yi hukunci da abin da ke tsaye a ƙasa yau. Idan rukunin gidaje ne mai ƙungiyar mazauna, ku karɓi dokokinsu a rubuce ku karanta, har da kuɗin da ake biya duk wata da abin da aka hana yara yi a harabar.

Yanke shawara

Ku dawo kan takardarku ta farko. Duk unguwar da ta faɗi a ɗaya daga cikin na dole, ta fita, komai kyan gidan da kuka gani a cikinta. Wannan yana da ciwo, na sani, don a lokacin zuciya ta riga ta shirya kujeru a falon. Tsakanin waɗanda suka rage, ku sake karanta ranar Talatar nan a kowacce, awa bayan awa, ku ga inda ta fi tafiya babu gargada.

In da hali, ku kama haya tukuna, wata shida zuwa shekara, kafin ku sayi gida. Baƙo ko da ido makaho ne, sai kun ga zafin wurin da sanyinsa da ruwansa kafin ku san layin da ya fi. Ku nemi a sa sharaɗin fita kafin wa'adi a cikin yarjejeniyar. Kada ku tura kuɗi a kan gidan da ku ko wani amintaccenku bai shiga ba, domin masu ƙaura daga nesa su ne abincin 'yan damfara, kuma alamarsu ɗaya ce: araha fiye da kima da matsin lamba a biya yau. Idan saye ne, lauya ya binciki takardun mallaka kafin ko sisi ya fita.

Ku daidaita ranar ƙaura da kalandar makarantar can, ku karɓi takardun makaranta da katin rigakafin yara tun kafin a ɗaure kaya, ku ajiye su a jakar hannu kada su shiga motar kaya. Kwana ɗaya ko biyu kafin a koma aji, ku kama hannun yaron ku bi hanyar makarantar tare, zuwa da dawowa, ku nuna masa inda zai tsaya ya duba hagu da dama, da ƙofar maƙwabcin da zai ƙwanƙwasa idan ya dawo bai same ku ba.